Bangon da Waya Ba ta Nuna Ba

SHAFI NA 23

Masu cika min waya da saƙo kuna cewa na cika jan rai, na ji, kuma na karɓi laifina. Yau dai babu raha a shafin nan, ku gyara zama. Wanda ya tarar da mu a hanya, abin da zai riƙe kaɗan ne. Auta ma'aikaciya ce a sashen tsara gari na ƙaramar hukuma, inda ba a shiga sabon gini sai da sa hannunsu. Yayanta ɗan kwangilar gini ne. Mahaifiyarsu kuma jiya annobar ta kayar da ita, aka kai ta wurin killace marasa lafiya.

*

Maigadi bai bari ta ƙarasa bakin ƙofa ba. Daga nesa ya ɗaga mata hannu ya ce ba a shiga, likita ma sai ya rufe jikinsa ruf da rigar leda. Abinci a ajiye a kan tebur. Mai son ganin nasa ya zaga ta baya, akwai tagogi, ya ƙwanƙwasa gilashi ya jira.

Auta ta ajiye kwanon da ta zo da shi, ta gyara takunkumin fuskarta, ta kama hanyar baya. Ba ta nemi kwatance ba, don a ganinta ta san ginin nan kamar yunwar cikinta. Tsohon sito ne na ajiye kaya, hukuma ta karɓe shi aka mayar wurin jinya lokacin da asibiti ya cika ya batse. Yayanta aka ba kwangilar gyaran, ita ta duba aikin. Ita ta sa hannu aka buɗe. Amma ƙafarta ba ta taɓa taka wurin ba sai yau.

Kada ku yi mamaki, haka aikin nasu ya koma. Tun da aka sa dokar kulle aka garƙame ofis, manyan cikinsu aka ce su zauna a gida saboda shekaru, wasu kuma ciwon ya kwantar. Sashen gaba ɗaya ya rage daga ita sai Oga, shugabansu. Gine-gine kuwa ba su fasa jiran sa hannu ba. Sai aka fito da dabara: mai gini ya kira ta bidiyo, ya riƙe waya ya zaga, ita tana zaune a falonta da zanen ginin a cinya tana ba da umarni. Matsa gaba. Ɗaga sama in ga rufi. Buga bangon da makulli in ji ƙararsa. Sa tef a ƙofar nan in ga faɗinta.

Dabarar ta yi aiki, ba a musu. Har Auta ta fara jin kanta, tana cewa da ma tun da can wahalar banza suke sha a rana. Oga kan sa ta koya wa ma'aikatan wasu ƙananan hukumomi, ita kuma ta gyara murya ta yi ta bayani kamar ita ta ƙera wayar.

A lokacin lafiya ko kusa da aikin yayanta ba za a bari ta je ba, doka ce. Ta faɗa wa Oga haka. Ya ce mata mutane na mutuwa a bakin asibiti, shi kuma ita kaɗai gare shi, ta duba kawai.

Tana shan kwanar ginin ƙafarta ta riga idonta ganewa.

Ƙasa ba ta amsa takalmi haka. Wannan ƙara ce ta abin da babu komai a ƙarƙashinsa.

Ta tsaya cak. A taswirar da ke kanta, bayan siton nan fili ne mai ɗan faɗi, daga shi sai babban lambatu da ke kwashe ruwan unguwannin sama gaba ɗaya. Yanzu babu fili. Wani dogon ɗaki ne a wurin, sabo fil, an shafe shi da farin fenti, ga tagogi a jere. Lambatun kuwa an rufe shi da kankare, an ɗora bangon ɗakin a kai.

Mutane na tsaye a bakin tagogin, kowa da tazara tsakaninsa da ɗan'uwansa. Wani dattijo ya manna goshi da gilashi yana magana a hankali. Wata mata tana ɗaga leda tana nuna wa na ciki abin da ta kawo. Dukkansu a kan kankaren suke tsaye, ba wanda ya san a kan me yake.

Ta durƙusa a gindin taga ta ƙarshe. Tsagewa ce ta taso daga ƙasan tagar ta gangara har ƙasa, an cusa mata siminti an bi da fenti, amma ta sake buɗewa. Ta sa yatsa, yatsan ya shige. Ta leƙa ta gefe, ta ga kankaren ya yi ciki ya lanƙwasa, baƙin ruwa na tafiya a ƙarƙashinsa.

Tsoro ne ya fara kama ta, kafin kunya ta biyo baya ta danne shi.

Ta ciro waya ta kira Yaya, sai ta ji wayarsa na ƙara a bayanta. Yana zaune a kan ragowar bulo a inuwar katanga, riga ɗaya da ta jiya, takunkuminsa ya sauko ƙasan hanci. Tun ɗazu yake kallonta. Ya taso, ya tsaya nesa da ita kamar yadda aka saba yanzu, ko da yake yau ba don ciwon ba ne.

"Yaya, ɗakin nan daga ina?"

"Ƙarawa na yi."

"A zanen da na amince babu shi."

"Babu."

Da ma ya yi musu, da ta samu abin riƙewa. Sai bai yi ba.

"Ranar da ka zaga da ni a waya, yana nan?"

Ya kalli ƙasa. "An kai linta, bango ya wuce saman tagogi. Rufi ne ba a yi ba."

"Amma na ce ka fita baya. Na ga bangon sito da idona, rana na dukansa. Na ga sama."

"A cikin ɗakin nan na tsaya, Auta. Na fuskanci tsohon bango. Kin ce in matsa dama, na matsa. Kin ce in ɗaga sama, na ɗaga, kika ga sarari tunda ba rufi." Ya ɗago ya kalle ta. "Ba ki ce in juya ba."

Ta ji maganar har cikin ƙashinta. Gaskiya ne, ba ta ce ba. Waya ba ta ganin abin da ke bayan mai riƙe da ita, wannan shi ne abu na farko da take koya wa sauran ma'aikata. Kullum takan ce musu kada su kashe kira sai mai gini ya juya ya nuna abin da ya ba wa baya. Da baƙo ne, da ta sa shi ya yi ta juyi har jiri ya ɗebe shi. Amma Yaya ne. Mutumin da ya fara ɗora mata tef ɗin awo a hannu tun tana 'yar mitsitsiya tana bin sa wurin aiki.

"Na tambaye ka lambatun," ta ce. "Na tuna na tambaye ka."

"Na ce miki yana nan."

"Kana tsaye a kansa ka ce min yana nan."



Da ya buɗe baki, sai maganar ta yi ta zuba kamar an fasa tulu. Ya ce mutanen lafiya ne suka zo suka ga siton suka ce ya yi kaɗan, gadajen da suke buƙata ba za su shiga ba. Ya ce a makon shi da kansa ya kai wani lebura nasa asibiti, aka hana su shiga saboda babu gado, mutumin ya cika a kujerar bayan motarsa yana riƙe da hannunsa. Daga nan ya dawo ya kalli filin baya ya ce ba zai bar shi haka ba. Ya san in ya kawo mata sabon zane za ta ce a ja da baya daga lambatu, in an ja kuma ɗakin bai fi na ajiye tsintsiya ba. Rodi mai kauri ya nema ya rasa, shaguna a kulle, motocin kaya ba sa shigowa. Sai ya zuba da siririn da ke hannunsa, da niyyar in an buɗe gari ya tokare da ginshiƙai ta ƙasa.

"Ba don kaina na yi ba, Allah ne shaidata. Je ki tambaya mutum nawa suka warke a ɗakin nan suka koma gida."

Ta san ba ƙarya yake yi ba, shi ya sa abin ya fi ciwo.

"Yaya, damina ta kusa. Ka san ruwan da lambatun nan yake ɗauka. Ran da ya cika ya bugi kankaren nan ta ƙasa, bangon ba waje zai faɗi ba. Ciki zai faɗa."

"Ki ba ni lokaci."

"Lokacin ba a hannuna yake ba."

"To me za ki yi? Ki ɗauko jan fenti ki shafa wa ginin alamar rusau, a fitar da mutane? A kai su ina? Titi?" Ya matso taku ɗaya, ya rage murya. "Kuma kin san in kika buɗe baki ba ni kaɗai zan tafi ba. Ni kotu. Ke kuma sa hannunki ne a kai, a aikin yayanki. Wa zai yarda ba ki sani ba?"

"Barazana kake min?"

"Gaskiya nake gaya miki, ƙanwata."

Rabon da ya kira ta ƙanwata tun rasuwar mahaifinsu. Ta kau da kai don kada ya ga idonta.

Ta ce masa duk wannan sai a yi shi daga baya, yanzu dai a fara sanin inda Mama take. In tana babban zauren gaba, to da sauƙi, can tsohon gini ne mai ƙwari. Ta tambaye shi wace taga ake ganinta.

 Ya nuna da haɓa.

Taga ta ƙarshe. Mai tsagewar.

Auta ba ta san lokacin da ta isa jikin gilashin ba. Ta kare hasken rana da tafukan hannu ta leƙa. Gadon a manne yake da bangon, kan gadon daidai inda tsagewar ta bi. Mama na kwance ta gefe, ta rame a kwana ɗaya kamar wadda ta yi wata, robar iska a hancinta, tukunyar iskar na tsaye a gefenta. Bayan gadonta wasu gadajen ne a jere, duk a jikin bango ɗaya, duk da mutane a kai.

Ta buga gilashin da ƙarfi har dattijon can ya juyo. Wata nas ta taso cikin rigar leda, ta nuna mata lambar waya da aka manna a jikin tagar. Auta ta kira, ta ce don Allah a mayar da tsohuwar nan zauren gaba yanzu-yanzu, ita 'yarta ce.

Nas ɗin ta yi ajiyar zuciyar wanda ya gaji. Ta ce ai a zauren gaba aka kwantar da ita jiya, a wuri mai kyau kusa da teburinsu. Da gari ya waye ta ce sai an kawo ta ɗakin baya, gado na ƙarshe. Suka ce akwai mai shi. Ta cire robar iskar ta riƙe a hannu, ta ce ba za ta mayar ba sai an yi musanya. Numfashinta ya yi ƙasa har suka tsorata, dole suka yi mata yadda take so. Su a zatonsu hasken taga take nema.

"Ɗanta ma tun safe yake roƙonta ta koma, ta ƙi kula shi. Gwada ke, ko za ta ji taki."

Nas ɗin ta kara wa Mama wayar a kunne, ta koma kan aikinta.

Mama ta buɗe ido. Ta daɗe tana kallon Auta ta cikin gilashin, sannan idonta ya sauka ƙasan tagar, ya dawo.

"Kin gani?"

"Na gani, Mama."

"To, madalla."

Maganar tana fita ne guntu-guntu, tana tsayawa ta ja iska. Ta ce birkilan Yaya ne ya zo gida tun ana aikin, suka tsaya a bakin ƙofa suna sa-in-sa, ita tana ɗaki tana jin su. Birkilan ya ce shi ba zai ɗora bulo a kan wannan kankaren ba, ya ajiye aikin ya tafi. Ta kira Yaya ta ce ya gaya wa ƙanwarsa. Ya ce to. Ta sake yi masa magana, ya ce to. Kullum to.

"Ke me ya sa ba ki gaya min ba, Mama?"

"Ku biyu gare ni." Ta rufe ido, ta buɗe. "Na ji tsoron in haɗa ku da bakina. Sai na yi ta cewa gobe."

"Ki bari a mayar da ke gaba. Don Allah. Duk abin da kike so zan yi."

"Jiya da aka shigo da ni, na tambaya ina sabon ɗaki. Aka nuna min. Wata yarinya ce a gadon nan, mai jego. Nononta na zuba, ɗanta na gida." Ta ja numfashi mai tsawo, ƙirjinta na ƙara. "Na kasa barci, Auta."

Yaya ya matso har jikin tagar, ya manta da tazara, ya manta da komai. Auta ta buɗe muryar wayar don ya ji.

"Ginin ɗana ne. Sa hannun 'yata ne. In zai faɗo wa wani, ya fara da wadda ta haife su."

"Mama, ki yi wa Allah..." in ji Yaya.

"Kai yi shiru. Na gama da kai tun safe." Ta mayar da ido kan Auta. "Gado ɗaya na iya kwanciya a kai. Sauran kin gan su a bayana. Su ma suna da masu tsayawa a taga."

"Mama, in na yi magana kama shi za a yi. Ni ma kora ta za a yi."

"Na sani."

"Kuma babu inda za a kai ku."

"Wannan aikinku ne, ku masu tsara gari. Ni dai ba zan tashi daga nan ba sai na ga an fitar da na ƙarshe."

Ta sauke wayar a kan ƙirjinta, ta juya wa tagar baya. Hira ta ƙare ke nan, duk wanda ya san Mama ya san haka.

Auta ta tsaya riƙe da waya, hawaye na jiƙa takunkuminta. Ba ta taɓa jin haushin mahaifiyarta da ƙaunarta a lokaci ɗaya irin na yau ba. Yaya ya dafa bangon da hannu biyu ya sunkuyar da kai, sai kuma ya janye hannun da sauri kamar ya taɓa wuta.

Wayar ta yi ƙara a hannunta. Oga ne.

Ta kalli sunan har kiran ya kusa yankewa, sannan ta ɗauka.

Muryarsa a sake take, rabon da ta ji shi haka tun kafin kulle. Ya tambayi jikin Mama a gurguje, ya ce da ma ita yake nema da labari mai daɗi. Mutanen lafiya sun kira suna yaba musu. Sun ce wurin nan ya cece su, har yau ma za su rage wa asibiti nauyi, su kwaso wasu marasa lafiya su ƙara a ɗakin baya, tunda in an matsa gadaje jikin bango za a samu wuri.

"Ni ban ma tuna da wani ɗakin baya a zanen ba," ya ce yana 'yar dariya. "Tsufa ke nan. Amma na ce musu tunda ke kika duba, su rufe ido su zuba mutane."

Yaya yana jin komai. Ya ɗago ya kalle ta. Bai roƙe ta ba, bai girgiza kai ba, kallonta kawai yake yi da idon da ya yi ja.

Ta juya ta kalli bayan Mama ta cikin gilashi, yana hawa yana sauka da ƙyar.

"Yallaɓai."

"Na'am?"

"Ka ce kada su taso."

Dariyar ta ɗauke. "Me kika ce?"

"Ɗakin baya babu shi a zane. A kan lambatu aka gina shi, kuma ya tsage. Ni na sa hannu ban gani ba, don ban ce ya juya ba." Ta kalli tsagewar. "Na ciki ma fitar da su za a yi. Yau."

Yaya ya sulale ya zauna a ƙasa.

 Da Oga ya sake magana, muryar ba ta ɗazu ba ce.

"Malama, kin san abin da kika faɗa min kuwa?"

"Na sani, yallaɓai."

"Ba ki sani ba. Tun kafin in kira ki suka taso. Gadajen da suka bari a asibiti an riga an kwantar da wasu a kai. In na ce su juya, su juya ina?"



Daga gaban ginin ta ji jiniya tana matsowa, sannan ƙarar maigadi yana jan ƙyauren ƙarfe yana buɗe wa motar farko.